Lambar da Ba Ta Amsa wa Baba

Shekarar da soja suka koma bariki aka kawo wa makarantar da Baba yake koyar da lissafi 'yan kwamfutoci. Aka lulluɓe su da leda, aka kulle ɗakin. Shugaban makaranta ya ce malamin da ya kawo takardar shaidar ya iya rubuta manhaja, shi za a ba ajin kwamfutar. Kowa ya ɗauka wani matashin malami ne zai samu. Baba kuwa an riga an fara janye masa azuzuwa ɗaya bayan ɗaya, ana ce masa ya huta, ya yi ƙoƙari. Ba abin da ya tsana irin a ce masa ya huta.

Ni a lokacin na gama sakandare, ina zaman jiran jami'a, ina cika wa Inna kunne da surutu. Da Baba ya ce zai shiga wata cibiyar koyon kwamfuta a Ƙofar Sauri, Inna ta ce ya tafi da ni, ko gidan ya samu iska. Haka na zama 'yar ajin mahaifina.

Malamarmu 'yar Filato ce, mijinta ma'aikacin gwamnati. Ga haƙuri, ga Hausa a baki. Kullum in muka isa sai Baba ya tsaya a bakin ƙofa ya gaishe ta, ya tambayi maigida, ya tambayi yara, ya tambayi mutanen Jos, ya tambayi gajiyar jiya. Ni ina tsaye ina cizon leɓe, domin wuta ba ta jiran kowa, kuma janaretan cibiyar sai ya ga dama yake tashi.

Yaren kwamfuta da ake kira Java take koya mana. Ta nuna mana cewa in ka ajiye suna a cikin manhaja, kana iya yi masa tambaya: ka rubuta shi, ka sa ɗigo, ka faɗi abin da kake so. Haruffanka nawa? Kai da wancan sunan ɗaya kuke? Sai ya amsa. Wannan ya yi wa Baba daɗi ƙwarai. Ya ce ashe na'urar tana da tarbiyya.

Sai aka zo kan lamba. Malama ta ba mu aikin gwada makin ɗalibai biyu, a ga ko sun yi daidai. Baba ya rubuta makin farko, ya sa masa ɗigo, ya tambaye shi ko daidai yake da na biyu, kamar dai yadda ya tambayi suna. Kwamfuta ta ƙi. Ta jero masa Turanci a baƙin allo, ma'anarsa dai wannan ba abin da ake yi wa tambaya ba ne.

"Malam," in ji Malama, "lamba tsurarta ba ta amsa kira. Ita ba ta ɗauke da komai sai kanta. Alamar daidai guda biyu za ka sa tsakaninsu, kai ka gwada su da kanka."

Baba ya cire tabarau. "Mi ya sa? Suna shina magana, lamba ba ta yi?"

"Haka aka gina yaren."

"To wanda ya gina shi bai san lamba ba. Ni tun ba a haifi ɗiyar nan ba nike zaune da lambobi. Yanzu da ko mai shayi shina faɗin ra'ayinshi a rediyo, ita ce za a hana ma baki?"

Ajin ya kwashe da dariya. Ni kunya ta kama ni har kunnena ya yi zafi. A hanyar gida, ina bayan babur ɗinsa, na ce, "Baba, don Allah ka daina yi wa na'ura gardama a gaban mutane." Ya ce in riƙe shi da kyau, akwai rami.

Ba wai bai gane ba ne. Baba ya fi kowa a ajin nan kai. In ka tambaye shi, zai bayyana maka bambancin tsurar lamba da abin da ke amsa kira fiye da yadda Malama ta yi. Hannunsa ne ba ya jin magana. Mutum ne da ba ya wuce kowa bai tanka masa ba. In Inna ta aike shi Babbar Kasuwa sayen gero, sai ta ɗora wani abin a wuta, don ta san sai ya gaida rumfa rumfa. Da ya zauna gaban allon nan, yatsansa sai ya kai ga ɗigo kafin tunaninsa ya iso. Kwamfuta ta ƙi, ya ce "Subhanallahi," ya goge, gobe ya sake.

Wata rana Malama ta nuna mana cewa akwai hanyar da ake sanya lamba cikin wani abu mai amsa kira, sai a yi mata tambaya ta nan. Baba ya yi murna kamar an yi masa bushara. Ya ce, "Ka ji! Ashe riga ce ba ta da ita." Daga nan ya shiga ɗinka wa kowace lamba riga, har wadda ba ta bukata, manhajarsa ta yi tsawo kamar wa'azi. Malama ta dafe kai ta ce, "Malam, ba kowace za ka kai wa tela ba."

Ranar jarrabawa kujerata tana bayan tasa. Na gama nawa da wuri, na zauna ina kallon ƙeyarsa. Malama ta riga ta ce manhajar da ta ƙi tashi ba ta da maki, kuma na san abin da ɗakin nan mai leda yake nufi a wurinsa. Ina gani ya rubuta lamba. Ina gani ya sa ɗigo. Na ji kamar in jefe shi da takalmi. Ya tsaya, ya daɗe yana kallon allon, sannan ya ce a hankali, yadda ake ba maƙwabci haƙuri, "Yi haƙuri, na manta ba ki magana." Ya goge ɗigon. Manhajar ta tashi.

Shi aka ba ajin. Ya koyar har ya yi ritaya, kuma ɗalibansa sun ba ni labari cewa duk sabuwar shekara sai ya sa su yi wannan kuskuren da gangan, su ga Turancin da idonsu, su yi dariya, sannan ya ci gaba. Ni kuma wannan sana'ar na kama, da ita nake ci har yau.

A ƙarshen rayuwarsa ciwon shanyewar ɓarin jiki ya ɗauke masa magana. Yana ji, yana gani, amma ko kalma ɗaya ba ta fita. Masu zuwa dubiya sukan tsaya a kansa su tambayi Inna, "Ya jikin nasa?" Abin yana ba ni haushi ba kaɗan ba. Ni da na yi ta jin kunyar doguwar gaisuwarsa, sai ga ni kowace safiya na durƙusa gaban gadonsa ina jero ta. Ina kwana, Baba. An tashi lafiya? Ya gajiya? Ya ƙarfin jiki? Bayan kowace tambaya nakan dakata, in bar masa wurin amsa.

Wata safiya ƙanwata ta ce, "Yaya, kin san fa ba zai amsa ba."

Na ce na sani. Na juya na tambaye shi ya kwanan iyali.