Ƙullin Mai Tafiya

A lambun nan na bayan tashar mota, inda ake renon 'ya'yan itatuwa cikin baƙaƙen ledoji, akwai wata da kowa ke kira Bakwai-Saura. Shekara tara tana aiki a wurin, kuma ba a taɓa zuwa buɗe ƙyauren lambun an rasa ta a tsaye tana jira ba. Masu shagunan layin har saita agogonsu suke da ita.

Tana 'yar ashirin ta shigo, shekarar da mahaifinsu ya rasu. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, amma ga ƙanne uku ga Innarsu, sai ta linke takardun ta tura ƙarƙashin katifa. Shekara uku tana cika ledoji da ƙasa da taki, biyu tana jan tiyon ban ruwa. Rannan Mai Lambu, dattijo mai ƙarancin magana da yawan kallo, ya ga yadda take feƙe tsinke, ya miƙa mata wuƙarsa ta aurar da itace.

Aikin kuwa shi ne a tsaga gindin ƙaramar bishiya mai ƙarfin saiwa, a feƙe reshen wata mai daɗin 'ya'ya a cusa, a naɗe da siririyar leda, a ƙulle. Bayan mako huɗu zuwa biyar sai a kwance. Ka yi sauri, reshen ya faɗi. Ka makara, ledar ta shaƙe shi. Shi ya sa Mai Lambu yake da doka guda da ba ya sassautawa: wanda ya ɗaure shi zai kwance, domin hannunsa ne kaɗai ya san yadda ya ja. Wanda kuma ƙafarsa ɗaya ke waje ba ya taɓa wuƙa. Da hannun dattijon ya fara rawa, sai Bakwai-Saura ta zama hannunsa.

Abin da bai sani ba, sau biyu tana neman jami'a a ɓoye tana faɗuwa. A karo na uku saƙo ya shigo wayarta tana tsakiyar tura baro: ta samu gurbi a fannin aikin gona, a wani gari mai nisan yini guda a mota, za a fara nan da mako takwas. Sai dai an ce za a tantance takardu tukuna.

Daga ranar zama ya gagare ta. Ta ɗauki abu ta ajiye, ta share inda ta riga ta share, ta ciro waya ta sake karanta saƙon da ta haddace. A gida Inna ta ce tun da ta haife ta ba ta taɓa ganin ta zuba gishiri sau biyu ba sai yanzu. Shawarar Inna ita ce ta je gobe-goben nan ta durƙusa ta faɗa wa mutumin, ai uba ne. Yayanta kuwa, direban babbar mota, ya ce ko kusa. Shi ya ga duniya, in ji shi: ranar da ka ce za ka tafi, ranar ka tafi, ko da jikinka yana wurin. In tantancewar ta ƙi fa? Ga kunya, ga wuƙa ta koma hannun wani, ita ta koma cika leda da furfurarta. Ta bari sai saura kwana uku.

Ta ga gaskiyar Inna, ta ga ta Yaya, sai ta bi ta uku: kullum gobe. Sau nawa ta nufi rumfar da dattijon ke zama, bakinta cike da magana, in ya ɗago kai sai ta tambaye shi ko a ƙara inuwa a layin lemo.

Mutum ɗaya ta gano ta, wato Goggon Tiyo, matar da ta gaji ban ruwa daga hannunta, mai baki kamar rediyo. Ta ritsa ta a bayan tanki ta ce ko dai miji ne, ko ciwon ciki, ko tafiya, kuma ita ta san biyun farko ba sa sa mutum kallon bishiyoyi kamar yana musu sallama. Sannan ta tuna mata labarin dogon nan da ya ɗaure lemo ɗari uku ya kama gabansa ba sallama, aka yi ta kwancewa da ka, rabi suka mutu. Tun daga lokacin ko laƙabinsa ba a ambata a gaban Mai Lambu.

Mako biyar suka wuce a haka. Tantancewa ta yi kyau, aka tabbatar mata da gurbi. Yanzu babu sauran uzuri, sai dai maganar ta tsufa a bakinta har ta yi nauyin da ba ta ɗaguwa. Ranar kuma Mai Lambu ya sanar cewa jibi za a fara mangwaro ɗari huɗu da wani mai gona ya yi oda. Ta ƙirga da yatsu a cikin mayafi: saura mata mako uku, ɗauri kuwa sai ya yi huɗu.

Safiyar aikin ta riga kowa kamar kullum. An jera ledojin layi-layi ƙarƙashin rumfa, rassa na cikin jiƙaƙƙen buhu. Dattijon ya wasa wuƙar da kansa, ya miƙo. Ta ce a ranta yanzu za ta faɗa. Sai ta ga hannunta ya karɓa.

Ta tsuguna gaban ta farko. Ta tsaga, ta feƙe, ta haɗa, tsaf kamar an haife su tare. Ta naɗe. Da ta zo ƙulli, maimakon nata na kullum, matsattse wanda ita kaɗai ke iya warwarewa da farce, sai ta yi zarge ta bar jela, irin wanda kowa zai ja ya kwance. Ita kanta ba ta lura ba. Ta matsa za ta kama ta biyu, ta ji sandar dattijon ta tare ta.

Ya daɗe yana kallon jelar ledar.

“'Yata, wa kika bar wa wannan?”

Ta dubi jelar, sai yanzu ta lura da ita.

“Shekara huɗu ina kallon ƙullinki. Wannan na mai tafiya ne. Yaushe?”

Nan ta faɗa masa duka, kanta a ƙasa: jami'ar, da faɗuwa biyun, da mako ukun da suka rage. Bai tambaye ta dalilin tafiya ba. Ya tambayi ranar da saƙon ya zo. Da ta faɗa, ya juya ya dubi layukan.

“Waɗannan tun wata guda da ya wuce suka isa aure. Ni na jinkirta, don na ga kamar ba ki da lafiya. Da kin faɗa a ranar, da yanzu kin ɗaure kin kwance, kin tafi da hannunki a wanke.”

Ta ce ya yafe mata, tsoro ta ji.

“Na karatu kam, Allah ya sa albarka. Kawo wuƙar.”

Ta miƙa da hannu biyu. Ya ƙwala wa Goggon Tiyo kira, ya danƙa mata. Goggo ta ce ita da albasa ma a karkace take yanka ta, ya ce to ga malamarta nan. Haka Bakwai-Saura ta cinye mako ukunta na ƙarshe a tsaye bayan Goggo, hannuwanta a goye a baya don kada su yi karambani, tana cewa ƙara kwantar da bakin, sassauta, a'a, ja kaɗan. Goggo na yanka tana mita, wai an haɗa ta da 'yar jami'a tun ba ta ga ƙofar jami'ar ba. Sun ɓata rassa da yawa kafin hannun ya faɗa. Wuƙar kuwa Bakwai-Saura ba ta ƙara taɓa ta ba, dattijon kuma bai ƙara ɗaga maganar ba, abin da ya fi faɗa ciwo.

Ranar tafiya ta biyo ta lambun da jakarta, bakwai saura. Ta tarar da dattijon a bakin ƙyaure, abin da bai taɓa faruwa ba, ga leda ɗaya a gefen ƙafarsa, jelar ƙullinta na kaɗawa.

“Ke kika ɗaure. Ba mai kwance miki. Saura kwana goma, kada ki ce gobe.”

Yaya ya yi ta dariya a tasha, wai kowa na tafiya jami'a da littafi, ƙanwarsa da mangwaro. Ita dai ta nemi kujerar gefen taga, ta ɗora ledar a cinya, ta kare reshen da tafin hannu duk sanda mota ta faɗa rami.