Gwangwani Biyu da Waken Kakata

Karatuna na lakol, wato makarantar boko, bai kai ya kawo ba. Ƙato na shiga, ƙato na fito, abin da na ƙaru da shi kawai iya cewa "wi, mushe", wato "i, malam" da Faransanci, da murya mai daɗi, ko na gane ko ban gane ba. Rubutun nan ma sai da na yi gemu na koye shi a ajin yaƙi da jahilci. Amma akwai darasi guda da ya zauna mini daram, kuma ba don kaifin kaina ba ne. Don ya shafi cikina ne.

Ƙauyenmu na arewa da Cadawa. Lokacin da nake faɗi, damina biyu ta yi mana rowa a jere. Rumbuna sun zama ɗakunan ɓeraye, su ma ɓerayen sun yi ƙaura. Abincinmu dilo ne, ƴaƴan wani itacen daji da ake jiƙawa har ɗacinsa ya ragu, sai jar dawar agaji in ta iso. Ajinmu rumfar zana ce, tablo, wato baƙin allo, a jingine kan gwafa biyu. Mushenmu saurayi ne daga wajen Gidan Rumji, siriri, mai Gobiranci a baki, da keken da ya fi shi ƙara.

Kayan koyarwar da aka aiko masa daga birni hoto ne guda, babba, na wata saniya tsaye cikin ciyawa har gwiwa. Ranar da ya rataya shi, wata ƴar Fulani da ke zaune a gaba, wadda iyayenta suka yada zango bayan gari da ƴan shanun da suka rage musu, ta ɗaga hannu ta tambaya wace cuta ce ta kumbura wannan nagge haka. Mushe ya dubi hoton, ya dube mu, ya juya fuskar hoton ga zana. Ya ce daga yau da abin da ke ƙasa za mu yi karatu.

Haka kuwa aka yi. Ya kafa sanda a bakin rumfa muna bin inuwarta da tsakuwa. Ya sa muka jera ƙasusuwan tunkiya tun daga kai har wutsiya, don ƙashi kam ba mu rasa shi ba a shekarar. Ni aka ba haƙarƙari, na jera su a wuya, aka yi ta dariya har da ƴan leƙe ta zana.

Da bazara ta kama, sai ya ce kowa ya zo da ƙwayar wake, zai nuna mana abin da iri ke bukata kafin ya tsiro. Wake! Kamar ya ce kowa ya zo da raƙumi. Yaro ɗaya ne ya samu, shi ma ya tauna abinsa ɗanye a hanya. Na taya shi, don kada ya ƙware.

To, a gidanmu akwai wake. Kakata ta wajen uba tana da wata ƴar gora a rataye a ɗakinta, cike da wake da toka, an liƙe bakinta da laka. Irin ɗan wuri ne, mai saurin nuna, wanda iyayenta suka taho da shi daga ƙasar Katsina. Duk damunan nan biyu ta hana a taɓa shi, ta ce hadarin bai yi mata ba. Babana kuwa ya gaji da ganin wuyanmu na ƙara tsawo. Kullum sai sun yi.

"Inna, iri ya kwana shekaru a gora, ai ya mutu. Ki bari a dafa wa yara."

"In an dafa, ka shuka mi in ruwa ya sauka? Tukunyar?"

"In muka shuka matacce fa? Ga shi ba mu ci ba, ga shi bai fito ba."

Ni ina bayan babana ɗari bisa ɗari. Har mafarkin romon nake yi da rana tsaka. Sai dabara ta faɗo mini. Na ce ai mushe na neman wake, a ba shi kaɗan ya gwada, a huta da gardama. A raina na riga na gama: wake ya mutu, mushe zai shaida, tukunya ta hau murhu.

Babana ya ce ya yarda. In bai tsiro ba, a dafa na gorar. In ya tsiro, ya rufe bakinsa. Tsohuwa ta dube ni ta gefen ido.

"Maigidana, yaushe ka fara son karatu haka?"

"Tun da na aure ki, tsohuwa. Ina neman abin da zan ciyar da ke."

Ta fasa lakar, ta tsakuro abin da bai cika tafin jinjiri ba, ta sake liƙewa. Ba ta ba ni ba. Da ƙafarta ta kai wa mushe, ina biye da ita kamar akuyar da ta ga dusa.

Saura gwangwani. Mushe na son guda biyu, kuma a lokacin gwangwani dukiya ce. Muka je wajen wata goggo mai ƙosai, wadda rashin wake ya sa ta kife kaskonta. Tana da gwangwanin madara mai sheƙi da take awo da shi. Ta ba da aro, amma da ta ga mushe ya ciro ƙusa zai huda gindinsa, sai ta daka tsalle.

"Kai ɗan nan! Aro na ba ka, ba kaciya na kawo shi ba. Ko allura ta taɓa shi, ni da kai sai gaban mai gari."

Mushe ya mayar da ƙusarsa aljihu. Na biyun a juji muka tsinto shi, tsatsa ta cinye gindinsa ya zama kamar rariya. Mushe ya ce ba komi, ai wannan ba ruwa za a zuba masa ba.

Ya cika su da rairayi, ya raba waken biyu ya binne. Ya ce mai sheƙi za a riƙa ba shi ruwa kaɗan kaɗan. Mai tsatsa ko ɗigo. Daga nan za mu ga bambanci da idonmu.

Ƴar Fulanin nan ta ce, "Mushe, shi wancan mi ya yi?"

"Bai yi komi ba. Gwaji ne."

"Ɗan'uwansa na sha yana kallo?"

Mushe ya ce wake ba ya kallo. Amma da ya ga irin kallon da mu muke yi, sai ya ɗaura wa mai tsatsa igiya ya rataye shi can sama a jikin itacen rumfa, inda ko ni sai na hau benci hannuna ke kaiwa, cikinsa kuwa ba mai gani.

Abin da mushe bai lissafa ba shi ne yadda yunwa ta horar da mu. A shekarun nan, in yara suka zauna cin wani abu, ko ƙanzo ne, aka ga ɗaya ba shi da komi, ba a jiran a ce. Kowa zai tsakura daga nasa ya ɗora masa a hannu. Wanda ya ƙi, sai an yi mako ana ce masa kura. Ba kirki ba ne ya yi mana yawa. Kowa ya san gobe shi ne mai hannu wofi.

Ana haka aka kira malaman lakol taro a Agiye. Mushe ya hau kekensa, ya bar mini aji da gwangwanaye, wai don ni ne babba. An ba ni mulki sau ɗaya a rayuwata, ku ji yadda na yi da shi.

Na kafa doka: ba mai zuba wa mai sheƙi ruwa sai ni. Ni kuwa na ƙudura zan riƙa mantawa. A ilimina, ruwa ne ke tsirar da iri, to in an rage ruwa, tukunya ta matso. Sai dai yaran sun gane ni, don fuskata ba ta iya ɓoye yunwa. Da na juya baya, kowa sai ya tuttula masa daga gorarsa. Na kori wannan, wancan ya zuba. Har tsohuwa ta riƙa aiko ƙanwata da ludayi cike. Ga gwangwani ba huda. Kafin a jima rairayin ya nutse, ruwa ya kwanta a kai kamar tafki. Ni kuwa baƙin ciki ya ishe ni, ina cewa shi ke nan, da wannan gata ko dutse ne sai ya yi ganye.

Shi kuwa na sama, wata rana da aka tashi na tsaya kakkaɓe tablo, na ɗaga kai na gan shi yana lilo shi kaɗai cikin zafi. Na ce wannan ai ba ya cikin shari'a. Na hau benci, na tsoma yatsu a gorata, na yarfa masa. Na sauko ina jin kaina waliyyi, ina zaton ni kaɗai ne mai wannan zuciya a duk lardin.

Ranar da mushe ya dawo, aji ya cika da manya. Babana ya zo, tsohuwa ta zo ta zauna a bakin rumfa, goggo mai ƙosai ta zo ganin lafiyar gwangwaninta. Tun kafin mushe ya ɗaga shi wari ya riga shi. Ya sa tsinke ya tono waken. Ya kumbura, ya yi baƙi, yana narkewa kamar daddawa.

Tsohuwa ta miƙa hannu aka ɗora mata ƙwaya ɗaya. Ta murza ta a yatsa, ta daɗe tana dubawa. Ta ce, ba tare da ta dubi babana ba, "To. A hura wuta."

Abin da na yi ta roƙo ke nan. Amma ban taɓa jin muryarta ta yi ƙanƙanta haka ba, sai na ji romon ya fita raina. Kaɗan dai. Ba duka ba.

Mushe, wanda gumi ya jiƙa wa riga, ya ce a yi haƙuri ya ƙarasa darasi. Ya hau benci ya kwanto mai tsatsa, yana cewa, "Wannan kuwa da bai samu ruwa ba, za ku ga..." Sai ya tsaya. Ya sauko a hankali ya aje shi a kan tebur.

Ga su nan. Sun fasa rairayi, wuya a lanƙwashe, wasu har sun buɗe ganye biyu, kore shar, irin koren da muka manta da shi.

Goggo ta ce, "La'ilaha! Wake ya tsiro ba ruwa. Tsohuwa, irin naki na aljannu ne?"

Mushe ya tsoma yatsa a rairayin, ya ji danshi. Ya juyo gare mu.

"Wa ya ba shi ruwa?"

Can ƴar Fulanin ta ɗaga hannu, ta ce ita ɗigo uku kawai take ba shi. Na kusa da ita ya ɗaga. Na baya ya ɗaga. Kafin ka ce me, hannuwa sun tashi kamar karan gero a gona. Na duba dama, na duba hagu, na ga waliyyai sun yi yawa a garin, ni ma na ɗaga nawa.

Mushe ya zauna a benci ya yi dariya har da hawaye. Da ya nutsu, ya ɗaga mai tsatsa sama ya nuna mana hudojin gindinsa, ya karkata mai sheƙi ruwa mai wari ya zubo. Ya ce darasi ɗaya ya shirya mana, ga shi mun kawo masa na biyu. Ya kira ni gaba, ya sa na cika baki da ruwa, ya matse mini hanci.

"Ga ruwa ka samu. Mi kake so kuma?"

Na yi ta zare ido ina buga ƙafa.

Tsohuwa ta ce, "Matse shi da kyau, mushe. Mijina ne, na ba ka."

Da ya sake ni na fesar da ruwan ina haki. Ya ce to haka waken mai sheƙi ya ji. Iri na son ruwa, amma yana numfashi kamar kowa. Na farko mun shaƙe shi da alheri, na biyu ya sha daidai, ragowar ta tsiyaye, iska ta shiga. Ya juya ga babana ya ce, "Baba, irin nan da ransa."

Babana ya shafa gemu ya ce, "Inna, na rufe bakina." Tsohuwa ta miƙe. Ta ɗauki mai tsatsa ta rufa masa gefen zanenta don rana, ta kama hanyar gida. Goggo kuwa ta bi mushe har gindin kekensa tana cewa wa zai sayi ƙosan da aka auna da gwangwani mai warin mushe, shi yana ba ta haƙuri, mu muna ƙunshe dariya, don a bakinmu sunan malam da na mataccen dabba duk ɗaya ne.

Ba a hura wuta ba. Ranar dilo muka ci, na ci ina harare-harare.

Ruwa ya makara a shekarar, amma ya zo. Tsohuwa ta fasa lakar gorar da kanta, muka shuka a tsakanin gero a ƴar gonar bayan gari. Bai yi yawa ba. Ya dai isa muka ci, goggo ta samu na kasko ɗaya, gora ta sake cika aka liƙe.

Daga na farkon da aka sussuka, ta ƙulla cikin tafi guda a tsumma, ta ce in kai wa mushe don yaran baɗi, tunda ni ta ga alama ba zan kai baɗin a lakol ba. Ta yi gaskiya. Na miƙa hannu zan karɓa, ta janye.

"Tsaya, maigida. Buɗe baki."

Ta ɗebo ruwa a ludayi ta sa na guntsa. Ta ce in tafi da shi a baki, in mushe bai ga ruwan ba, ta san inda wakenta ya shiga.

Haka na ratsa gari kumatu a kumbure, mutane na gaishe ni ina gyaɗa kai. Na tarar da mushe yana gyaran keke. Ya kwance tsumman, ya duba, ya dube ni, ya tambaye ni da Faransanci ko duka ne ban taɓa ba. Karo ɗaya ke nan da na gane tambayarsa sarai, kuma amsar gaskiya ita ce "wi, mushe". Ga bakin a cike.