Kaka Mai Guga da Rigar Amarya

Jikoki huɗu muka haɗa da matar nan: ɗana ne ya auri 'yarta. Ni suna ce min Kaka ta Shago, ita kuma Kaka Mai Guga. Ban taɓa son wannan rabon ba, don kana jin yadda suke faɗin nata ka san inda zuciyarsu take.

Tun tana da ƙuruciya mijinta ya rasu, da dutsen guga ta raini 'ya'yanta. Ɗaki ɗaya gare ta a bayan layin masu gyaran babur, da tebur mai gajeriyar ƙafa da ta tokare da katako, da tsohon bargo a kai. Halinta ɗaya da kowa ya sani: duk rigar da ta shimfiɗa, sai ta yi wa mai ita addu'a. A wuyan riga ta roƙi Yesu ya ba shi haƙuri, a hannu ta roƙa masa aikin gaskiya. Har mashayin layinsu tana yi wa. Fasto kuwa ba ya wa'azi uku a jere bai sako ta ba. Ni da na yi shekaru ina jan waƙa a zumuntar mata, ko tari bai taɓa yi da sunana ba.

'Yarta ta ɗauki halin, jikoki ma haka. Ranar jarrabawa sai su bi ta gaban shagona, su karɓi alewa, su wuce da rigunansu wajenta. Ina yi musu murmushi kawai. Kishi nake yi, kuma ban ga laifina ba.

Da auren babbar jikarmu ya tashi, wadda muke kira Gajeriya, na ce wannan karon nawa ne. Ni na sayi rigar amarya, na gyara ɗakina mai babban madubi, don a gidana za ta shirya, ni zan sa mata albarka. Ana gobe ɗaurin aure na buɗe kabad, babu riga. Ba sai an gaya min inda take ba.

Na iske tsohuwar zaune gaban teburin, rigar a shimfiɗe, dutsen ya yi zafi, ita kuwa hannunta sai rawa yake.

"Suruka, Allah ne ya kawo ki," ta ce. "Hannun nan ya ƙi ni tun watan jiya. Ina tsoron in ƙona wa yarinya riga."

"To me ya hana ki faɗa mata?"

"Ta zo da murnarta, ya zan yi? Ki goge, ni in yi addu'ar."

Da faɗa na zo, amma rigar da na saya ce, ba zan bari ta lalace ba. Na ɗora farin ƙyalle, na bi ta a hankali, ita tana gefe tana ambaton Gajeriya gaɓa-gaɓa. Ban so ba, sai da na ce amin.

Muna gamawa yarinyar ta shigo. Ta ga rigar ta yi sumul, ta faɗa jikin tsohuwar tana kuka.

"Ke, tashi. Ɗaya kakar taki ce ta goge, ni ban taɓa ba," in ji tsohuwar.

Gajeriya ta waiwayo. "Kai, Kaka ta Shago, na gode sosai!" Ta ɗan riƙe hannuna, sannan ta koma ta durƙusa gaban waccan. "Amma kin yi min addu'ar, ko?"

"Na yi."

"To gobe a nan zan shirya."

Na duba ɗakin, ko madubi babu. Na kashe dutsen, na tambaye su ƙarfe nawa zan aiko da madubina.