Sunan da Gidaɗo Bai Taɓa Faɗa Ba

Duk tashar Tambuwal an san Gidaɗo direba da rashin gaggawa. Tun yana da baƙin gemu yake jigilar fasinja zuwa Sakkwato, kuma ko mai keke ya wuce shi ba ya jin haushi. Mai sauri ba ya shiga motarsa. Tsofaffi da masu ƙwai a kwando su ne nasa. Shi ya sa ranar da aka ji an ba shi takardar laifin gudu, 'yan tasha suka yi dariya har da riƙe ciki. Da suka ji dalili, dariyar ta ƙare.

Ɗansa na fari ne ya rasu a asibiti a Sakkwato. Gidaɗo ya cire kujerun baya, ya shimfiɗa shi, ya taka mota don a kai shi garinsu Jabo a yi sutura kafin magariba. Jami'an hanya suka tsayar da shi, suka riƙe lasisinsa, suka ce ya zo kotu. Bai ce musu gawa ya ɗauko ba. A ganinsa, uba ba ya tallan abin da ya shafi ɗan fari. Ko sunansa bai taɓa kira ba, sai dai "yaron ga".

In lasisin ya tafi, tuƙi ya ƙare, kuma ga matar mamacin da 'ya'ya sun dawo wuyansa.

Kotun tafi-da-gidanka ce, a rumfa bakin titi. Gidaɗo ya tuɓe takalmi, aka ce ya mayar. Ya tsuguna, aka ce ya miƙe. Ya fara gaida alƙali da tambayar iyali, magatakarda ya katse shi. Duk sai ya rikice, ya rasa inda zai sa hannuwansa.

"Ka amsa laifinka?" in ji alƙali.

"Allah shi gafarta Malam, gudu dai na yi shi. Laifi na ban gane ba. Malamai sun ce a gaggauta kai mamaci, ku kun ce a yi sannu. Wanne za ni bi?"

Alƙali ya ajiye biro. "Gawa ka ɗauko? Ta wa?"

"Yaron ga na."

"Wane yaro?"

"Na gidana."

"Baba, kotu ba ta rubuta 'yaron ga'. Sunansa nake so."

Gidaɗo ya waiga ko akwai ɗan Jabo da zai faɗa a madadinsa. Babu kowa sai 'yan acaɓa masu jiran tasu shari'ar. Kunya ta kama shi, kamar an ce ya tuɓe riga a kasuwa. Kunyar wa kuma? Mai sunan yana ƙarƙashin ƙasa. Abin ya ɗaure masa kai.

"Nu'umanu," ya ce, can ƙasa-ƙasa.

"Ɗaga murya, Baba."

"Nu'umanu. Ɗana na."

Alƙali ya yi masa ta'aziyya, ya ja masa kunne, ya ce a mayar masa da lasisinsa. Gidaɗo bai gane ko ya ci shari'ar ko an yafe masa ba, bai kuma tambaya ba.

Ya shiga mota ya zauna bai tayar ba. Ashe sunan ba shi da nauyi a baki ko kaɗan. Ya sake kiransa, yadda ake kiran mutum daga zaure, ya ɗan saurara. Sannan hawayen da bai yi a maƙabarta ba suka zubo.