Ma'aunin da Ke Hannun Mai Taliya

Haihuwa da Asali

An haifi marigayiya, wadda duk unguwa ta sani da Mai Taliya, a shekarar 1951, a wani gidan haya mai ɗaki biyu da ke bayan tashar jirgin ƙasa, a garin da ta rayu a cikinsa har ƙarshen kwanakinta. Mahaifinta ma'aikacin tasha ne mai kula da fitilun layin dogo. Mahaifiyarta ta rasu tana da shekara huɗu, don haka riƙonta ya koma hannun goggonta, mace mai zafin rai da ƙarancin magana, wadda ke yin taliya a gida tana sayar wa maƙwabta da matafiya.

Karatu da Koyon Sana'a

An sa ta makarantar firamare a 1958, aka cire ta a 1961 tana aji uku, sa'ad da ciwon baya ya kama goggon kuma aka rasa mai juya hannun injin murza taliyar. Wannan cirewa ta tsaya mata a rai har tsufanta.

Shekara shida ta yi tana koyo ba tare da an taɓa faɗa mata adadin komai ba. Goggo takan tara fulawa a kan katako, ta yi rami a tsakiya, ta fasa ƙwai, ta barbaɗa gishiri, sannan ta riƙa yayyafa ruwa tana cuɗawa har sai ta danna kwaɓin da babban yatsa ta ji abin da take nema. Ruwan da ya isa jiya ba lallai ya isa yau ba, domin kowane buhun fulawa da irin ƙishirwarsa, kuma ranar laima daban take da ranar bushewar iska. Idan ruwa ya yi yawa, taliya ta manne a inji; idan ya gaza, sai ta fito sumul kamar gaske, amma ta tsittsinke a kan igiyar shanya kafin ta bushe. Duk sanda yarinyar ta yi tambaya, amsar goggo ɗaya ce: "Taɓa ki ji. Baki bai san wannan ba."

Aure da Zuri'a

A 1970 ta auri wani mai gyaran agogo, mutum mai haƙuri da son raha, kuma Allah ya azurta su da 'ya'ya huɗu tsakanin 1972 da 1984. Da goggo ta rasu a 1973, ita ta gaji injin da katakon, ta mayar da ƙaramin ɗakin gidansu wurin kwaɓi, ta ɗaura igiyoyi bakwai a tsakar gida.

A nan ne ta kafa dokar da daga baya ta zame mata nadama: ta haramta wa 'ya'yanta taɓa kwaɓi. Duk wanda ya leƙo sai ta daka masa tsawa: "Fita min daga nan! Ni fulawa ta cinye min makaranta, ba za ta cinye taku ba." Mijinta kan yi mata tsiya cewa ɗakin tiyata ma ya fi nata sauƙin shiga. Auta, 'yarta ta ƙarshe, wadda ta fi kowa naci a bakin ƙofar, ta sha bugun cokali a bayan hannu har ta haƙura ta koma wa littattafanta.

Shekarun Sana'a

Daga 1975 zuwa 2005 ba a taɓa samun ranar aiki da igiyoyin nan suka wuni babu komai a kansu ba. Ko da taliyar kamfani ta cika kantuna masu saye suka ragu, tsofaffin abokan cinikinta ba su yashe ta ba. Da wannan sana'a 'ya'yan huɗu suka kammala karatu, kowa ya kama aiki a wani gari, ita kuwa ta ɗauka ta yi nasara. Mijinta ya rasu a 2006, gidan ya rage daga ita sai injin.

Rashin Lafiya

A 2009 likita ya tabbatar mata da ciwon sukari, kuma zuwa 2013 yatsunta sun fara mutuwa, ta yadda takan ƙone a jikin tukunya ba ta sani ba. A lokacin ne ta farga cewa abin da goggo ta damƙa mata ba ya hannun kowa a duniya sai nata, kuma hannun yana tafiya. Ta shiga roƙon 'ya'yan da ta kora da su zo su koya. Shekara uku ana yi mata alkawari.

A watan Maris na 2016, Auta, wadda ke aiki a ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, ta ɗauki hutun mako biyu ta zo da sikeli da littafi, da niyyar auna komai ta rubuta. Kwana tara tana tambaya, "Umma, ruwan nawa?" uwar na cewa, "Har sai ya yi." A rana ta goma Auta ta cuɗa kwaɓi ta miƙa mata. Mai Taliya ta danna shi da babban yatsa, ta sake dannawa, ba ta ji komai ba. Kunya da tsoro suka hana ta faɗa, sai ta ce ya yi. Auta ta rubuta adadin cikin murna, suka murza, aka cika igiyoyin.

Da la'asar uwar tana zaune a bakin ƙofa ta fara jin taliyar na tsinkewa tana zuba a kan siminti, sili ɗaya bayan ɗaya, har tsakar gidan ta yi fari. Ta kira 'yarta ta ce, "Yage wannan shafin. Ƙarya na yi miki, 'yata. Ban ji komai ba." Auta ta share tsakar gidan tana kuka, hutunta ya ƙare, ta koma bakin aiki. Tun daga ranar Mai Taliya ba ta ƙara taɓa fulawa ba, kuma baƙin cikin bai sake ta ba.

Wafati

Allah ya yi mata rasuwa da safiyar Talata, 6 ga Fabrairu, 2018, tana da shekara sittin da bakwai, bayan jinyar wata biyu. An binne ta a ranar, a maƙabartar da ke gefen gari, kusa da kabarin mijinta. Ta bar jikoki goma sha ɗaya da 'ya'ya huɗu: babban ɗanta, malamin makarantar sakandare; mai bi masa, injiniyan ruwa; ta ukun, ungozoma; sai Auta. Dukkansu sun yi karatu kamar yadda ta so, kuma babu ɗaya a cikinsu da ya san lokacin da kwaɓi ya ƙoshi da ruwa.