Sayen Injin Jirgi Tare da Surukina

Kurawa zuwa Isa

Bayan sallar asuba na hau babur daga Kurawa, na bar maiɗakina tana yi mini dariya a ƙofar gida. Mahaifinta ne ya aiko in raka shi Goronyo sayen injin jirgin ruwa, don ya ji ina gyaran injin ban-ruwa. Tun da na auri 'yarsa ban taɓa zama tabarma ɗaya da shi ba, gaisuwa ma daga nesa nake durƙusawa.

A Sabon Birni na shiga motar Isa. Sojoji sun sauke mu a shinge biyu, muka ƙetare da ƙafa. Na iske Baba, surukin nawa, a tashar Isa da wani guntun igiya a aljihu, awon tsawon jirginsa. Jirgin na san shi: ƙarami ne, na kamun kifi, mutum uku da taru sun cika shi, katakon bayansa kuma ya sha faci.

Isa zuwa Goronyo

Direba ya cusa mu kujera ɗaya, kafaɗata tana gugar ta Baba duk ramin da muka faɗa. Ya sayi ƙosai ya miƙo mini, na ce na ƙoshi, alhali ko koko ban sha ba. A hanya ya gaya wa direba inji mai ƙarfin doki arba'in za ya saya, don da damina gulbi kan raba gari da gonaki, yana so ya riƙa ƙetarar da mutane. Ni dai ina kallon ƙafafuna.

Mun sauka gidan abokinsa Ɗan Tanin, masunci ne mai babbar murya. Shi ya gane halin da nake ciki, ya kai mini tuwo zaure na ci ni kaɗai.

Bakin dam

Da hantsi aka kai mu rumfar mai injuna. Ya shimfiɗa igiyar Baba a ƙasa, ya ce mai doki sha biyar ya isa, amma in babba ake so akwai. Baba ya dafa babban. Na gwada ɗaga shi, sai da muka kama mu biyu. Nan na tuna facin nan, na kuma tuna mata da yaran da za su zauna ciki.

Na kasa faɗa wa Baba. Na ja Ɗan Tanin gefe na raɗa masa cewa bayan jirgin ba ya ɗaukar wannan nauyi, ya san yadda zai lallashe shi. Sai ya juya, gaban mutanen rumfa duka, ya kira Baba da sunansa, ya ce, “Nomau, surukinka ya ce jirginka ruɓaɓɓe na.”

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Baba bai dube ni ba. Ya ce a ɗaura babban ga wani jirgi mai girman nasa, shi zai gwada, ni kuma in zauna gaba.

Tun kafin a tayar, bayan jirgin ya nutse har ruwa ya kusa baki. Da Baba ya murɗa, sai goshin ya tashi sama da ni, ruwa ya kwararo ta baya, Baba ya sulale ciki. Mai injin, da ke cikin jirgin tare da mu, ya yi wuf ya kashe. Baba ya fi ni iya ruwa nesa ba kusa ba, amma babbar rigarsa ta naɗe masa kai. Na faɗa, na rungume shi ta ƙugu, na ja shi har inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Muka tsaya a jiƙe, hularsa tana tafiya bisa ruwa, masunta sun yi cirko-cirko. Na rasa inda zan sa idona.

Da ya sauya tufa, ya ce a gwada ƙaramin. Wannan karon jirgin ya zauna daidai, ya yanki ruwa da mutum huɗu ba gargada. Shi aka saya.

Komawa

Injin na cikin but ɗin mota, mu muna kujerarmu. Ina ta tsara haƙurin da zan ba shi har muka iso Isa.

A bakin gulbi abokan sana'arsa suka taru. Wani ya yi dariya ya tambayi wa ya zaɓo wannan ɗan mitsitsin abu bayan duk cika bakin da aka yi. Baba ya ce shi ya zaɓa, kuma wanda bai so ya bi ruwa da ƙafa. Sannan ya juyo, ya dube ni ido cikin ido karo na farko.

“Za ni sauya katakon bayan nan kafin ruwa ya zo,” in ji shi. “Ka taho ka riƙa mini.”

Na ce to, kaina a ƙasa. La'asar ta yi mini a Kurawa. Na gode wa Allah da ya maido mu lafiya, na gode wa Ɗan Tanin da tuwonsa, ko da yake ba zan ƙara raɗa masa magana ba.