Inda Malam Yero Ya Tsaya

A Wurma, cikin ƙasar Kurfi, idan shanu suka shiga gona suka yi ɓarna, ba a cika kai ƙara wurin 'yan sanda ba. Ƙofar gidan Malam Yero ake nufa, inda akwai wata tsamiya da tsohuwar tabarmar kaba.

An haifi Yero a ruga, ya tashi da sanda a kafaɗa. Ciwo ya rage garken mahaifinsa, ɓarayi suka rage abin da ciwo ya bari, shi kuwa ya shigo gari ya kama noman gero da dawa, yana riƙe da 'yan shanun da ba su kai a kira su garke ba. Fillancinsa ya tsaya a gaisuwa da tsawata wa saniya. Saboda haka manoma suna ganin nasu ne, makiyaya ma suna ganin nasu ne, shi kuma bai taɓa gyara wa kowa wannan zato ba.

Yana da hanyarsa ta yin sulhu. Yakan saurari kowa har ya gaji da magana, ya tafi da ƙafarsa ya duba gonar, ya dawo a shimfiɗa tabarma. Kafin ya buɗe baki, sai ya je ya zauna kusa da wanda hukunci zai faɗa wa. A ganinsa, mutumin da zai sha kaye bai kamata ya ji kamar gari duka ya taru a kansa ba. Mutane sun san wannan ɗabi'a, har ya zama da zarar ya zauna an gane yadda shari'ar ta kaya, ba tare da an kira kowa mai laifi ba. Wannan tabarma ita ce duk abin da Yero ya tara a duniya, kuma abin da ke riƙe da ita shi ne amincewar da aka yi cewa ba shi da ɓangare.

Akwai kuma wani halin nasa: bai iya ce wa mutum a'a a kan idonsa ba. Duk abin da aka zo masa da shi, amsarsa ita ce, "To, madalla. Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Shigarsa jam'iyya ba ta da wani dogon tarihi. Wata shekara aka ce sai mai katin jam'iyya za a ba taki, surukinsa Nu'uman, mijin 'yarsa Surayya, wanda ke aiki a sakatariyar Kurfi, ya yanko masa. Takin bai iso ba, katin ya zauna.

Ana nan sai zaɓen fid da gwani na 'yan takarar shugaban ƙasa ya matso. Mutum biyu ne suka fi ƙarfi a jam'iyyar, ana kiran ɗaya Sanata, ɗaya Injiniya, kuma babu wanda ya taɓa ganin ko ɗayansu a Wurma sai a jikin bango. Nu'uman ya bi Injiniya. Ɗaya surukin, Alhaji Badaruddeen, mijin 'yarsa Hassana, ɗan kasuwar hatsi a Dutsin-Ma, ya bi Sanata.

Badaruddeen ne ya fara zuwa. Ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya tsuguna a gefen tabarma, kansa a ƙasa, ya bar abokin da ya rako shi ya yi bayani, kamar yadda surukuta ta tanada. Abokin ya daɗe yana yabon Sanata.

Yero ya ce, "Na ji. To mi ya ce game da burtalin da aka nome, da mashayar da aka toshe? Rabin rigimar da ke zuwa nan daga can take."

Abokin ya dubi Badaruddeen. Badaruddeen ya ce wa ƙasa, "Baba, ai yana da tsari a kan komai."

"To, madalla. Allah ya zaɓa mana mafi alheri."

Badaruddeen ya koma Dutsin-Ma ya shaida wa manyansa cewa Wurma ta shigo hannu. Bayan kwana kaɗan Nu'uman ya zo da nasa abokin, aka yi masa tambayar burtali, ya ce Injiniya yana da kwamiti, ya samu madalla irin wadda aka ba Badaruddeen, ya tafi Kurfi ya ba da irin wancan albishir.

Abin ya dami Yero, amma ya kwantar da ransa da cewa wakilai ne za su tafi Abuja su jefa ƙuri'a, shi ba ruwansa. Wanda ya rushe masa wannan kwanciyar hankali shi ne Ilu, taubashinsa, mutumin da tun suna yara bai taɓa barin damar tsokanarsa ta wuce ba. Ya zo da rediyo a hannu yana murmushi.

"Ɗan Fillo, ka ji labari? An soke wakilai. 'Yar tinƙe za a yi, ƙato bayan ƙato. Kowa zai tsaya bayan hoton gwaninsa, rana tsaka, gari na kallo. Ina son in ga layin da ake kira madalla."

"Kai dai ba ka taɓa kawo labarin alheri ba."

"Ni kuwa na kawo. Yau shekara nawa kana zama kusa da mutane? To yanzu tsayuwa za ka yi."

Yero ya shiga gida ransa a ɓace. Matarsa Batula tana tankaɗe, ta saurare shi har ya gama, ta ce, "Malam, ka kwanta ranar, a ce zazzaɓi ne."

"In yi ƙarya da furfurata saboda mutanen da ba su san sunan garin nan ba?"

"To ka tafi kasuwar Dutsin-Ma."

"Alhaji zai tsince ni ya sako ni a mota."

"Ai kai ka ja. Da ka ce musu a'a tun farko, da yanzu sun huce. Jiya a gidan suna 'ya'yanka ko kwano ɗaya ba su ci ba. Wannan tana cewa Baba namu ne, waccan tana cewa Baba namu ne, kamar wata akuyar gado."

Wannan ya fi komai ƙona masa rai. Ya raba manomi da makiyayi suna riƙe da gatari, ya raba 'yan'uwa a kan iyakar gona, ga shi wasu mutum biyu da ke can cikin sanyin na'ura sun raba masa gida ba tare da sun san yana duniya ba.

Ranar zaɓe da hantsi aka taru a filin makaranta. Damina ta fara, ƙasa da laima, mutane da yawa sun baro shuka suka zo. An ɗaga hotuna biyu a kan sanduna. Layin Sanata ya miƙe har gindin dalbejiya, na Injiniya kuwa bai kai rabinsa ba. Amma abin da Yero ya lura da shi, shi ne jama'ar da ba ta shiga kowane layi ba. Suna tsaye gefe, suna hira, idanunsu na kansa.

Ya yi ta neman dalili a ransa. Bai san Sanata ba, bai san Injiniya ba, ɗaya yana da tsari, ɗaya yana da kwamiti. Ya dubi Badaruddeen yana ta kai da kawo cikin babbar riga. Ya dubi Nu'uman tsaye a gaban gajeren layinsa yana share zufa, kunya ta rufe shi. Kafin ya gama shawara, ƙafafunsa sun yi abin da suka saba: suka kai shi wurin wanda zai sha kaye.

Sai muryar Ilu ta tashi daga baya. "Shi ke nan, jama'a, Injiniya ya faɗi. Yero ya je kusa da shi."

Fili ya ɗauki dariya. Nu'uman ya sunkuyar da kai, don an mai da goyon bayan surukinsa ta'aziyya. Sannan waɗanda ke gefe suka taso suka jeru bayan Yero, gajeren layi ya yi ta tsawo har ya wuce dalbejiya. Da aka ƙirga, Injiniya ne ya ci Wurma. Badaruddeen ya shiga motarsa bai yi wa kowa sallama ba.

Ba a gama tattara sakamakon jihohi ba rediyo ta ba da labarin cewa manyan jam'iyya sun yi maslaha, Injiniya ya janye wa Sanata, har an ga hotonsu a waya suna rungume da juna. Yero ya sa aka nuna masa hoton. Ya daɗe yana kallon haƙoransu, ya miƙa wayar, bai ce ko madalla ba.

A Wurma kuwa babu wanda ya janye wa kowa. Da kaka ta zo, lokacin da ɓarna ke yawa, tabarmar Yero ta zauna babu kowa. Idan mai gona ya ce a je wurin Malam, sai mai shanu ya ce ai Malam ɗan Injiniya ne. Idan mai shanu ya yarda, sai mai gona ya tuna layin da Malam ya tsaya. Aka koma kai ƙara Kurfi, ana kwana ana zirga-zirga, ana dawowa da gaba. Yero yakan zauna gindin tsamiya yana kallon masu wucewa a kan babur, ya san inda za su da abin da zai kai su, ya ja tsaki shi kaɗai.

Ana cikin haka shanun Badaruddeen, waɗanda wani makiyayi ke riƙe masa wajen Tamawa, suka shiga waken Nu'uman. Kowannensu ya rantse sai kotu. Surayya da Hassana ne suka hana. Duk da ba su shirya ba, sun haɗu a kan cewa ba za a kira mazajensu gaban alƙali ubansu na raye ba.

Suka zo, kowa da abokinsa, suka zauna nesa da juna. Rabin gari ya biyo su. Yero ya saurare su, ya ɗauki sandarsa ya tafi gonar. Ya tarar da ɓarna sosai. Ya kuma tarar da cewa kunyoyin waken da aka ci suna kwance ne a tsakiyar tsohon burtali, hanyar da shi kansa ya bi da shanun mahaifinsa yana yaro.

Ya dawo, aka gyara tabarma. Ya wuce Badaruddeen, ya je ya zauna kusa da Nu'uman, mutumin da shi Yero ya tsaya a layinsa ranar zaɓe.

Ya ce a hankali, "Malam Nu'uman, hanyar shanu ka shuka. Baɗi ka ja baya zuwa tsohuwar iyaka. Alhaji kuma, ka ja wa makiyayinka kunne, ko a hanya ake ba a sakin dabba a tafi shan shayi."

Nu'uman ya ce wa ƙasa, "To, Baba." Ya yi makonni bai zo gaisuwa ba, Surayya ma ta ɗauke ƙafa.

Amma ranar Juma'ar da ta biyo bayan hukuncin, da aka sauko daga masallaci, wasu mutum biyu daga Birchi suka tsaya a ƙofar gida, ɗaya riƙe da karan dawa da aka tattake, ɗaya da sanda a kafaɗa. Ilu, wanda ke zaune kan dakali, ya leƙa zaure.

"Ɗan Fillo, fito, ga 'yan takara sun zo."

Yero ya fito yana gyara hula, ya harare shi, ya ce a miƙo tabarma.